Yadda Ake Shimfiɗa Bututun Mai a Tsohuwar Chevrolet C10 da Aka Sauya wa Inji

Daga cikin tsofaffin motocin a-kori-kura da masu sha'awar gyaran mota a Amurka suke ɗauka su sabunta, Chevrolet C10 tana sahun gaba, musamman ƙirar 1967 zuwa 1972 da wadda ta biyo bayanta daga 1973 zuwa 1987. Abin da aka fi yi mata shi ne a sauke tsohon injinta mai kafireta, a ɗora mata injin zamani na dangin LS, yawanci mai lita 5.3 da ake cirowa daga Silverado ko Tahoe waɗanda suka yi hatsari, saboda yana da araha kuma yana da juriya. Zaunar da injin a kan shasi ba ya ba da wahala sosai, tunda ana sayar da maɗauransa a shirye. Wurin da aikin yake neman natsuwa shi ne kai wa injin mai.

Dalili kuwa shi ne tsarin biyu ba su yi kama da juna ba. Tsohon injin yana da famfo a jikinsa, a gaba ta ɓangaren fasinja, wanda yake zuƙo mai daga tanki ya miƙa wa kafireta da matsin da bai wuce psi 5 zuwa 7 ba, don haka mafi yawan tsawon bututun babu matsi a cikinsa. Injin LS yana buƙatar psi 58, wato kimanin 4 a ma'aunin matsi na bar, kusan ninki goma ke nan, kuma famfonsa na lantarki yana can ɓangaren tanki yana turo man, ta yadda kowane inci na bututun yana ɗauke da wannan matsi tun daga baya har gaba. Ƙaramar ɓular da a da za ta jiƙa bututu kawai, yanzu feshi za ta yi, kuma a kusa da salansa mai zafi. Saboda haka ba a amfani da tsofaffin tiyoyin roba da maɗauransu ko da sun yi kyau a ido, kuma hanyar da bututun zai bi ita ce za a fara yankewa kafin a sayi komai.

Kafin a taɓa sifana, a cire wayar batir ta ƙasa, wato mai alamar (-), a zuƙe man da ke cikin tanki a zuba a mazubin da aka yi don fetur, a ɗaga motar a kan ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi, kada a dogara da jak kaɗai. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwantawa a ƙasa da cikin ramin gareji, don haka a yi aikin a wuri mai iska, nesa da walda da injin niƙa ƙarfe, a kuma ajiye na'urar kashe gobara a inda hannu zai kai gare ta.

Mataki na farko: a duba sandar rabon mai

A saman injin akwai sandar da ke raba mai ga injektoci takwas, kuma a injinan a-kori-kura bakinta yana baya ta ɓangaren direba. Idan bututu biyu ne suka fito daga gare ta, ɗaya mai faɗin inci 3/8 ɗaya kuma 5/16, tare da wata 'yar ragileta mai siririn tiyon iska, to tsari ne mai mayar da rarar mai zuwa tanki, kamar yadda yake a injinan 1999 zuwa wajen 2003. Idan bututu ɗaya ne tak, tsari ne marar mayarwa, irin na mafi yawan injinan 2004 zuwa sama. A duba da ido, kada a dogara da shekarar da mai sayarwa ya faɗa, domin injin da ya bi ta hannuwa da yawa ana iya sauya masa manifol ɗin iska gaba ɗaya.

Mai baki biyu yana buƙatar layi biyu masu tsawon motar, na kaiwa da na dawowa, da filta ta yau da kullum a kan layin kaiwa. Mai baki ɗaya yana buƙatar a daidaita matsin tun daga baya, kuma hanyar da ta fi shahara ita ce filtar motar Chevrolet Corvette ta 1999 zuwa 2004, wadda take da ragileta a cikinta da aka saita a kan psi 58. Ana samunta da lamba 33737 a wajen Wix, ko GF822 a wajen ACDelco. A gefenta ɗaya akwai baki biyu, mai 3/8 na shigar mai daga famfo da mai 5/16 na mayar da rara, a ɗaya gefen kuma mafita guda zuwa inji. Idan aka ɗaure ta kusa da tanki, layin dawowa ba zai wuce rabin mita zuwa mita ɗaya ba, sannan bututu ɗaya ne kawai zai yi doguwar tafiya. A ganina wannan tsarin ya fi dacewa da motar hawa ta kullum, domin mahaɗai sun ragu, kuma man ba ya zuwa ya sha zafin inji ya komo ya ɗumama tanki. A guji kwaikwayonta masu arha, saboda ragiletar ciki ita ce takan ba da matsala. Wanda ya sauya sandar daga wannan tsari zuwa wancan kuma sai ya sa a gyara lissafin kwamfutar injin, tunda a tsari mai tiyon iska matsin yana hawa yana sauka da nauyin da ke kan inji, a ɗayan kuwa yana tsaye wuri guda.

Mataki na biyu: tanki da famfo

A ƙirar 1967 zuwa 1972 tankin yana cikin kan motar, a bayan kujera. Bai kamata a saka famfo mai ƙarfi a can ba, ko a bi da layi mai matsi ta inda mutane suke zama. Abin da aka saba shi ne a cire shi, a ɗaura sabon tanki a ƙarƙashin bodi, bayan aksil na baya, tsakanin ƙarafan shasi biyu, a wurin da tayar safaya take, sai a nema wa tayar wani mazauni. A ƙirar 1973 zuwa 1987 tankin yana gefe, a wajen shasi, kuma wannan wuri ne ya jawo wa kamfanin GM, mai ƙera Chevrolet, ƙararraki kan gobara idan an bugi motar daga gefe, har ya kai ga yarjejeniyar 1994 da Ma'aikatar Sufuri ta Amurka, inda kamfanin ya amince ya kashe dala miliyan 51 a kan ayyukan kiyaye haɗari maimakon janye motocin. Shi ya sa mutane da yawa suke mayar da tankin baya, suna amfani da irin na motocin Blazer ko Suburban na waɗancan shekaru. Wanda ya zaɓi barinsa a gefe, ya nemi tanki irin na 1987, shekarar da aka fara sa wa waɗannan motoci famfo a cikin tanki. Motar da take da tanki biyu kuma, bawul ɗin da ke sauyawa tsakaninsu ba a yi shi don wannan matsi ba, kuma mafi sauƙi shi ne a koma tanki ɗaya.

Abin da ake nema a tankin shi ne wani ɗan kwarya ko shinge a cikinsa da yake riƙe mai a kewayen bakin famfo. Kafireta tana da ɗan mazubinta da ke ɗauke da ajiya, don haka ko man tanki ya karkata a kwana, inji ba ya ji. Injekta ba ta da wata ajiya. Idan mai ya sauka zuwa kwata aka sha kwana ko aka taka birki da ƙarfi, famfo sai ya zuƙi iska, matsi ya faɗi, inji ya shaƙe nan take, kuma famfon kansa yana lalacewa da wuri tunda man ne yake sanyaya shi.

Game da girman famfo, lissafin ba shi da wuya. Inji mai ƙarfin doki 300 yana shan kimanin lita 90 a awa idan an taka shi har ƙasa, saboda haka famfo mai lita 255 a awa, irin na Walbro da aka saba da shi, ya wadatar har da rara mai yawa, kuma bututu mai inci 3/8 ya isa ya ɗauke shi. Babu amfanin sayen bututun rabin inci ga injin da ba a ƙara wa ƙarfi ba. Guntun tiyon da ke haɗa famfo da murfin tanki daga ciki dole ne ya zama mai lamba SAE J30R10, wanda aka yi don ya zauna tsamo-tsamo cikin fetur. Tiyon injekta na waje cikinsa ne kawai yake jure mai, bayansa kuwa kumbura yake yi ya ruɓe. Idan ya zama dole famfon ya zauna a waje, a ɗaure shi kusa da tanki kuma ƙasa da gindinsa, domin famfon lantarki ya fi iya turawa a kan zuƙa, a sa masa filta mai maikuron 100 (ma'aunin girman ramukan filta) kafin mai ya shiga cikinsa, da mai maikuron 10 bayan man ya fito.

Mataki na uku: fitar da hanya

Wannan ne matakin da ya fi kowanne cin lokaci, kuma bai kamata a fara shi ba sai inji da giyabos da farfela da salansa duk sun zauna a wurarensu na dindindin. Mai shimfiɗa bututu kafin a haɗa salansa yakan wayi gari mai walda ya bi da ita ta jikin bututunsa, domin salansa ba ta da hanyoyi da yawa da za ta iya bi, bututun mai kuwa ana iya lanƙwasa shi yadda aka ga dama.

Shasin C10 ƙarafa biyu ne dogaye masu siffar harafin C, buɗaɗɗen bakinsu yana kallon ciki. Cikin wannan kwarin ne mazaunin bututu, a manne da bangon tsaye, a sama-sama, inda dutse ko kututture ko hannun jak ba za su same shi ba. Ƙa'ida ita ce kada bututun mai ya zama shi ne abu mafi kusa da ƙasa a kowane wuri, kada ya bi ta wajen shasi, kada kuma ya shiga cikin kan mota.

Sai batun ɓangare. Tsohon layin ya bi ta dama saboda tsohon famfo yana dama, amma bakin sandar LS yana hagu. Idan tankin yana baya a tsakiya, ya fi sauƙi a bi ƙarfen hagu tun daga farko. Idan akwai dalilin bin dama, alal misali salansa guda ce kuma ta bi hagu, to a tsallaka da bututun ta saman ɗaya daga cikin ƙarafan da suka gitta shasin, a wurin da yake nesa da salansa, kuma kada a tsallaka ta ƙarƙashin farfela ko giyabos. Ɓangaren hagu yana da cunkoso a gaba, domin sandar sitiyari da ƙarafan sauya giya da bututun birki da manifol ɗin salansa duk suna nan, saboda haka inci na ƙarshe kafin a hau sama shi ne za a fi auna wa. Hanyar da GM da kansa ya bi a Silverado ita ce a tashi daga shasi a hau ta gefen ƙoƙon giyabos, a bayan kan silinda, a isa bakin sandar daga baya, kuma ita ce ta fi nisa da manifol.

A ɗauki waya mai kauri wadda take riƙe siffa, irin ta walda ko tsohuwar wayar wuta, a shimfiɗa ta a kan hanyar da aka zaɓa tun daga tanki har inji, ana lanƙwasa ta a kowace kwana ana manna ta da tef. Wannan waya ita ce za ta zama ma'auni kuma ita za a kwaikwaya wajen lanƙwasa bututun gaske. Da ita a wurin, sai a bincika abubuwa uku.

Na farko zafi. Fetur yana iya kamawa da kansa a zafin da bai kai digiri 300 a ma'aunin Salsiyos ba, manifol kuwa yana wuce haka da nisa idan mota tana jan kaya. A bar tazarar da ba ta gaza santimita 15 ba tsakanin bututu da kowane sashe na salansa. Inda hakan ya gagara, a sa garkuwa ta falankin alminiyam a tsakani, wadda ba ta taɓa ko ɗaya daga cikinsu, domin iskar da ke tsakani ita ce take yin aikin, sannan a zura wa bututun rigar kare zafi. Rigar kaɗai a kan bututun da yake gogar salansa jinkirta matsala kawai take yi. A kuma lura kada wani mahaɗi ya faɗo daidai saman salansa, inda ɗigo ɗaya zai sauka a kanta.

Na biyu motsi. Motar da ke tsaye a gareji ba ta nuna inda sassanta suke kaiwa a kan gargada. A sa jak a ƙarƙashin aksil na baya a tura shi sama iyakar tafiyarsa, sannan a sake shi ya rataye, ana kallon wayar a duk halin biyu. Ƙirar 1967 zuwa 1972 yawanci tana da dogayen hannuwa biyu da sifirin mai naɗi a baya, ta 1973 zuwa sama kuwa sifirin mai ganye, kuma kowanne yana da wurin da yake sharewa. Motar da aka sauke ta yi ƙasa, aka yanke shasi don aksil ya sami wurin hawa, ita ce ta fi haɗari a nan, domin aksil yana iya matse bututu a jikin shasi. A juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe, a ja birkin hannu a sake, a shiga kowace giya.

Na uku guga. Duk inda wayar ta taɓa kaifin ƙarfe ko kan kusa, a sauya hanya ko a yi alamar cewa za a sa maɗauri a nan. A raba layin mai da babbar wayar batir, kada su bi rami ɗaya ko maɗauri ɗaya.

Mataki na huɗu: zaɓen bututu

Tsari mafi inganci shi ne bututu mai tauri a tsawon shasi, da guntun tiyo mai laushi a kowane ƙarshe. Daga cikin masu tauri, na haɗin jan ƙarfe da nikel, kashi 90 da kashi 10, shi ya fi sauƙi ga mai aiki a gida, domin yana lanƙwasuwa ba tare da ya karye ba kuma ba ya tsatsa. Na ƙarfe mai rufi ya fi arha amma yana tsatsa idan rufin ya kankare. Na ƙarfen da ba ya tsatsa yana da kyau da daɗewa, sai dai buɗe bakinsa yana buƙatar na'ura mai ƙarfi. Alminiyam yana da laushi kuma dutse yana lotsa shi. Zallar jan ƙarfe irin na masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki kuwa ba shi da wuri a nan, saboda girgizar mota tana taurara shi har ya tsage. Akwai kuma bututun nailan irin wanda motocin zamani suke fitowa da shi daga kamfani, mai arha da sauƙin bi da shi, amma yana narkewa da wuri, don haka yana buƙatar tazara daga zafi fiye da sauran.

A ɓangaren tiyo, a karanta lambar da ke jikinsa. J30R7 na kafireta ne, bai dace ba. J30R9 shi ne na injekta. Mafi yawan fetur ɗin Amurka yana da kashi 10 na etanol, wanda yake cin tsohuwar roba, shi ya sa mutane da yawa suka koma tiyo mai cikin PTFE, wata roba mai santsi da aka fi sani da Teflon, da saƙar waya a bayansa, wanda kuma ba ya barin warin mai ya ratso ya cika gareji. A nemi mai baƙin ciki, wanda aka haɗa da gawayi don ya zubar da wutar da gudun mai yake tarawa, domin farin yana iya hujewa saboda ita. Girmansa ana faɗa da lambar AN, kuma lambar kashi ce cikin 16 na inci, don haka AN 6 daidai yake da 3/8.

Mataki na biyar: yanka, lanƙwasa da haɗawa

A miƙe bututun daga naɗinsa a kan daɓe mai laushi, a yanka da na'urar yanka bututu mai ɗan faifai, ana ƙara matsa ta kaɗan-kaɗan, sannan a kankare kaifin da ya rage a ciki da waje. A lanƙwasa da na'urar lanƙwasawa daidai girmansa, ana aza shi kan wayar ma'auni bayan kowace kwana. Kwanar da ta lotse ta rage hanyar mai, kuma ba a gyara ta, sai dai a yanke. Ya fi kyau tsawon shasi ya zama guda ɗaya ba tare da gami ba, amma idan dole ne a gama, a yi gamin a wurin da ido yake gani kuma sifana take shiga.

Mahaɗan AN suna zama ne a kan baki da aka buɗe digiri 37, na'urar buɗe baki da aka fi samu a shagunan kayan mota kuwa ta digiri 45 ce, ta birki. Idan aka gama waɗannan biyu za su ɗaure kamar sun zauna, amma layi ɗaya siriri ne kawai yake taɓawa, kuma yoyo zai biyo baya. A zura noti da hannun rigarsa a bututun kafin a buɗe bakin, a ɗiga ɗan mai a kan na'urar, a duba bakin da aka buɗe a haske: ya zama zagaye, sumul, babu tsaga a gefensa.

Haɗa tiyon PTFE yana da tsarinsa. A naɗe wurin yanka da tef sosai don kada saƙar ta warware, a yanka ta tsakiyar tef ɗin da zarto mai ƙananan haƙora. A zura notin, a cire tef, a buɗa saƙar wayar kaɗan da bakin ƙaramar sukudireba, a tura ɗan zoben ƙarfen tsakanin saƙar da robar ciki har bakin robar ya tokare da kafaɗar zoben, ba tare da silin waya ko ɗaya ya shiga tsakaninsu ba. Sannan a shafa mai a hancin mahaɗin, a tura shi ciki, a jawo notin a fara ɗaurawa da hannu. Mahaɗin tiyon roba da na PTFE ba sa musanyuwa ko da lambarsu ɗaya. Ba a naɗa farin tef na masu famfon ruwa a zaren AN, domin ba zaren ne yake toshe mai ba, kuma gutsuren tef yana toshe injekta. Zaren NPT, wato zaren bututu mai tsukewa, shi ne kawai yake son man toshewa, shi ma irin wanda fetur ba ya narkarwa.

Bakin sandar LS da na filtar Corvette irin na turawa a ji ƙas ne, kuma ana sayar da mahaɗan da ke mayar da su AN 6. A zaɓi masu murfi mai zare da ake ɗaurewa a bayan kumburin bututun, sun fi masu kilif ɗin roba aminci. Duk inda za a zura tiyon roba a kan bututu mai tauri kuma, sai an yi wa bakin bututun kumburi, a ɗaure da maɗaurin injekta mai santsin ciki, domin maɗauri mai tsage-tsage yana cin roba, kuma psi 58 yana iya zare tiyo daga miƙaƙƙen bututu. Kowane yanki da aka gama, a hura shi da iskar kwamfuresa a toshe bakinsa har lokacin ɗaurawa.

Mataki na shida: ɗaurewa a jikin shasi

A yi amfani da maɗaurai masu siffar P da roba a cikinsu, daidai girman bututun, ɗaya a kowane santimita 30 zuwa 45, da ƙari a gaba da bayan kowace babbar kwana da kowane mahaɗi. Filta tana da nauyi idan ta cika, don haka ta sami nata maɗaurin, kada ta rataye a kan bututu. Shasin yana da ramuka da yawa tun daga kamfani, a fara amfani da su. Idan sai an huda, a huda bangon tsaye, kada a huda leɓen sama ko na ƙasa, domin su ne suke ɗauke da nauyin motar, kuma a leƙa bayan wurin kafin a sa diril. A ɗaure da kusa da noti mai kulle kansa. Igiyar roba mai zugewa ba maɗauri ba ce, zafi da shekaru suna gallaza ta ta karye, kuma ba a ɗaure layin mai a jikin bututun birki. Inda bututu ya ratsa rami a ƙarfe, a sa zoben roba a ramin. Tiyo mai saƙar waya kuwa yana cin duk abin da ya goga kamar magagari, ko bututun birki ne ko wayar wuta, saboda haka a nesanta shi da su ko a sayi mai rufin leda a bayansa.

Inji yana zaune a kan roba kuma yana murɗawa duk lokacin da aka taka totur, don haka bututu mai tauri ya tsaya a shasi, a ɗaure ƙarshensa da kyau, daga nan tiyo mai tsawon santimita 30 zuwa 45 ya ɗauka zuwa sandar mai da ɗan lanƙwasa a jikinsa, ba a ɗame ba. Kan motar ma a kan roba yake, yana motsi daban da shasi, don haka kada a ɗaure bututu mai tauri guda a jikin su biyun. A wajen tanki ma guntun tiyo ne, mai tsawon da zai bari a sauke tankin kaɗan a kwance mahaɗai ba tare da an ɗaga bodi ba.

Tanki yana buƙatar numfashi. Idan babu hanyar iska, famfo zai zuƙe mai har tankin ya fara lotsewa, inji ya mutu bayan tafiya mai nisa, kuma alamar ita ce iska ta yi shuu idan an buɗe murfi. A sa bawul mai rufewa idan mota ta kife, a ja tiyonsa sama fiye da wuyan zuba mai, sannan a kai shi tulun gawayi mai kama tururin fetur idan motar tana da shi, kamar yadda dokokin hayaƙi na jihohi irin su Kalifoniya suke buƙata.

Wutar famfo ta bi ta rile da fis, da waya mai kauri lamba 12 ko 10 a ma'aunin wayar Amurka, da wayar ƙasa a kan ƙarfen da aka kankare. Kwamfutar inji ce za ta kunna rilen, domin tana ba da wuta na daƙiƙa biyu idan an murɗa makulli, kuma tana yankewa da zarar inji ya tsaya. Famfon da aka haɗa kai tsaye da makulli zai ci gaba da feshin mai bayan hatsari. Ma'aunin yawan mai da ke cikin tanki kuma ya zama mai lambar om (ohm) 0 zuwa 90, don ya yi daidai da gejin asali na dashbod.

Mataki na bakwai: gwaji

A zuba kimanin lita 10 na mai. Kafin a haɗa tiyon ƙarshe da inji, a sa bakinsa a cikin mazubi, a murɗa makulli sau biyu ko uku don man ya wanko duk abin da ya rage a layin. Sannan a haɗa, a ɗaura gejin matsi a kan ɗan bawul ɗin da ke jikin sandar, mai kama da na taya, a murɗa makulli a kashe sau da yawa ba tare da an tayar da inji ba. Allurar ta tsaya tsakanin psi 55 da 62. A bi kowane mahaɗi da farar takarda mai laushi tun daga tanki, domin fetur yana bushewa da sauri kuma ido yana iya rasa shi, amma takarda tana nuna danshinsa. Mahaɗin da ya jiƙe, a sauke matsi a kwance shi a duba bakinsa, kada a yi ta ƙara ɗaurewa.

Gejin yana faɗin inda matsala take. Idan matsi ya haura ƙima, layin dawowa ya toshe ko ya lotse, ko an musanya bakin shiga da na dawowa. Idan bai kai ba, a auna wutar da ke isa famfo, sannan a tuhumi guntun tiyon cikin tanki. Idan ya kai amma ya zube nan da nan bayan an kashe, alhali babu yoyo a waje, to bawul ɗin famfo ne, ko ragileta, ko injekta mai ɗiga. A tsari mai tiyon iska matsin yakan sauka kaɗan idan inji yana silo, ya koma sama idan an zare tiyon, kuma haka ya kamata ya yi.

Bayan haka a tayar da inji, a bar shi ya yi zafi, a sake bin mahaɗan, a kuma kai hannu kusa da bututun a wuraren da ya matso salansa don a ji ko garkuwar tana aiki. Tafiyar gwaji a yi ta da kwatan tanki, a sha kwana dama da hagu a taka birki, domin a nan ne tanki marar shinge yake tona kansa. Bayan kilomita 100 zuwa 200 na farko a sake ɗaga motar, a taɓa kowane maɗauri, a nemi wurin da bututu ko tiyo ya yi ƙyalli ko fenti ya goge a jikin shasi, domin alamar guga ke nan, kuma a ƙara maɗauri ko a karkatar da layin a wurin kafin ramin ya ratsa.